Tekun da Aka Kwashe wa Mutanensa

Duk wanda ya ratsa layin masu gwanjo a babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko Katako ta Yamai, da wuya ya fita bai ci karo da ita ba. Rigar samari ce mai gajeren hannu, a ƙirjinta an buga hoton rana tana faɗuwa, da itacen kwakwa, da inuwar wani saurayi tsaye bisa dogon allo, igiyar ruwa ta lanƙwaso bisa kansa kamar rumfa. Yaron da zai saye ta bai taɓa ganin teku ba, domin tsakanin Maraɗi da gaɓar teku akwai tafiyar fiye da kilomita 1,000 a mota. Amma tun kafin malamin labarin ƙasa ya buɗe taswira a aji, rigar ta riga ta koya masa darasinta: teku wurin hutu ne, fili ne fetal, babu kowa a cikinsa sai wani baƙo mai jin daɗi.

Mai karatu na iya cewa: ina ruwan Nijar da wasan hawan igiyar teku, ƙasar da ba ta da ko taƙi ɗaya na gaɓa? Ruwanta kuwa yana da yawa. Hoto malami ne wanda ba ya neman izinin kowa kafin ya shiga gida, kuma wannan hoton ya daɗe yana koyar da ƙarya. Mafi yawan fasahar da aka gina bisa wasan nan, daga zane da hoton talla har zuwa fim da tambarin kamfani, ta tsayu ne a kan aiki guda: kwashe mutanen bakin teku daga cikin hoto, a bar ruwan da rana domin a sayar. Idon da ya yi wa teku haka, shi ne ya yi wa Tenere. Saboda haka batun na malaman ƙasar nan ne, da ƙungiyoyinta na al'adu.

Yadda jirage uku suka nutse a kan tebur

Wajen shekarar 1831 wani dattijo mai zane na ƙasar Japan, Katsushika Hokusai, yana da shekara 70 da ɗoriya, ya fitar da zanen igiyar ruwa da ya fi kowane shahara a duniya, wanda aka sani da Babbar Igiyar Kanagawa. An sassaƙa shi a kan katako, ana buga shi a takarda, ana sayarwa da araha. Wanda ya ƙura masa ido zai ga abin da masu gaggawa ba sa gani: ƙarƙashin faratan igiyar akwai jirage uku, cike da matuƙa da suka duƙa suka manne da katakon jirgi. Irin jiragen nan ne da ke gudu da ɗanyen kifi zuwa kasuwar Edo, wato Tokyo ta yau. Ke nan zanen na maganar ma'aikata ne, mutanen da ke sa ransu a bakin mutuwa domin birni ya ci kifi.

A 1969 aka kafa kamfanin Quiksilver a Ostareliya, mai ɗinka tufafin masu hawan igiya. Tambarinsa, wanda ke kan miliyoyin riguna har da waɗanda ke isowa cikin dilar gwanjo, daga zanen Hokusai aka samo shi. An ɗauki igiyar, an ɗauki dutsen Fuji da ke can baya. Jiragen uku da matuƙansu kuwa sun ɓace. A kan teburin mai zanen talla suka nutse. Wanda ya fahimci wannan ƙaramin aski ya fahimci tarihin fasahar gaba ɗaya, domin abin da aka yi wa masuntan Japan a takarda, shi aka yi wa mutanen Hawai da na Afirka ta Yamma.

Gaskiya ce a faɗa cewa hawan igiya a tsaye, yadda ake yin sa a yau, daga tsibiran Hawai ya fito. A 1779 wani hafsan jirgin Kyaftin Cook, James King, ya rubuta bayanin yadda ya ga mutanen wurin suna yi. A wurinsu abin ya haɗa da sarauta da addini da waƙa: maza da mata suna hawa, sarakuna suna da nasu alluna da tsawonsu kan kai mita 5, kuma akwai addu'o'in da ake yi kafin a sare itacen da za a sassaƙa allo. Ƴan mishan na Amurka suka iso a 1820 suna ƙyamar tsiraici da cacar da ke tattare da wasan. Cututtukan baƙi suka ci mutane, har ƴan ƙasa suka ragu daga dubban ɗaruruwa zuwa wajen 40,000 a ƙarshen ƙarnin. A 1893 aka hamɓarar da sarauniya Liliʻuokalani, a 1898 Amurka ta haɗiye tsibiran. Wasan ya ja baya ƙwarai, ko da yake bai mutu ba.

Da ya farfaɗo a farkon ƙarni na 20, ɗan ƙasa ne ya kai shi duniya, wato Duke Kahanamoku, wanda ya ci zinaren ninƙaya a wasannin Olimfik na 1912 da na 1920. Amma masu otal da kamfanonin jiragen ruwa ne suka riƙe alƙalamin zane. A takardun tallarsu na shekarun 1920 da 1930, mutumin Hawai ya koma kayan ado: ko mai kaɗa garaya ƙarƙashin kwakwa, ko budurwa mai furanni a wuya tana tarbar baƙo. An karɓe ƙasar, sa'an nan aka mai da mai ƙasar hoton bango.

Labadi, 1963

A watan Nuwamba na 1963 wani Ba'amurke mai ɗaukar fim, Bruce Brown, ya tashi daga Kalifoniya da samari biyu, Mike Hynson da Robert August, da niyyar bin bazara duk inda ta nufa a faɗin duniya. Zangonsu na farko Dakar ne, sa'an nan Gana, da Legas, da Afirka ta Kudu, kafin su zarce Ostareliya da Tahiti da Hawai. Fim ɗin, The Endless Summer, wato bazarar da ba ta ƙarewa, ya ci dala 50,000, ya fita gidajen silima na Amurka a 1966, ya jawo miliyoyin daloli. Takardar tallarsa, wadda wani matashi John Van Hamersveld ya zana a kan ladan dala 150, tana ajiye yau a gidan fasahar zamani na Niyu Yok. Inuwar mutum uku ce da allunansu, da ƙatuwar rana ruwan ɗorawa, da sama mai launin hoda, da rairayi. Ita ce uwar duk rigunan gwanjon nan.

A bakin ruwan Labadi, kusa da Akara, Brown ya ɗauki samarinsa suna hawa, jama'ar gari na kallo. Muryarsa a cikin fim ɗin tana ta ba'a, tana nuna mutanen a matsayin ƙauyawan da ba su taɓa ganin irin wannan abu ba, kuma daga nan labari ya bazu cewa Amurkawa ne suka kawo hawan igiya Afirka. Ramin ƙarya ƙurarre ne, domin shi kansa fim ɗin ya ƙaryata mai shi. A gefen hoto ana ganin yaran ƙabilar Ga kwance bisa ƴan allunansu na katako suna bin igiya, ana kuma ganin iyayensu suna hawan igiyar da manyan kwale-kwale, aikin da ya fi na baƙin wuya nesa ba kusa ba. Na'urar ɗaukar hoto ta gan su, mai magana ne ya ƙi gani.

Abin da ya faru a Afirka ta Kudu ya fi wannan muni. A lokacin da suka isa, ana tsakiyar shari'ar Rivonia, wadda ta ƙare a watan Yuni na 1964 da ɗaurin rai da rai ga Nelson Mandela da abokansa. Dokar 1953 ta raba wuraren jama'a bisa launin fata, kuma mafi kyawun bakin teku an keɓe wa farare. Fim ɗin ya ratsa wannan ƙasa yana murnar gano igiya marar aibi a wani bakin ruwa da babu kowa, kuma bai tuna da wariyar ba sai cikin wata raha game da kifaye. A wannan ƙasa, doka ce da sandar ɗan sanda suka share mutane daga mafi kyawun rairayi. A nan ne mai tunani zai gane cewa fili fetal a cikin hoto ba kullum halitta ce ta yi shi ba.

Shaidar da ta riga fim ɗin

Masanin tarihi Kevin Dawson, a littafinsa na 2018, Undercurrents of Power, ya tattaro rubuce-rubucen Turawan da suka zauna a gaɓar Gana ta yau. A shekarun 1640 wani Bajamushe, Michael Hemmersam, da ke aiki da Holandawa a Elmina, ya ba da labarin yara bisa alluna a cikin ruwa. A 1679 Jean Barbot, ɗan Faransa, ya ga yaran Elmina suna koyon iyo da guntayen katako da damman kara. A 1834 wani hafsan soja, James Edward Alexander, ya bayyana samarin Akara suna shiga teku da ƙananan alluna a ƙarƙashin cikinsu, suna jiran igiya ta kwaso su zuwa gaɓa. Wato shekara 129 kafin Brown ya sauka a wannan bakin ruwa, wani Bature ya riga ya ga abin kuma ya rubuta.

Wannan ba ya nufin Afirka ce ta koya wa Hawai, kuma bai kamata a gyara ƙarya da wata ƙaryar ba. Abin da yake nufi shi ne, duk al'ummar da ke cin abinci daga teku mai igiya dole ta san halin igiya. A gaɓar Gana yaro yana koyon karanta ruwa da allo ne domin ya girma ya fitar da kwale-kwale ta cikin igiyar da ke fasawa, ya dawo da shi cike da kifi bai kife ba. Har zuwa 1962, lokacin da aka buɗe tashar jiragen Tema, manyan jirage na tsayawa ne nesa da Akara, matuƙa su yi ta jigilar buhunan koko da kayan Turai ta cikin igiya da ƙarfin damtse. Shekara ɗaya kacal bayan haka aka zo ana yi musu dariya cewa ba su san igiya ba.

Ga kuma inda Nijar ta shigo. Jean Rouch, wanda ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a watan Fabrairu na 2004, ya ɗauki fim ɗin Mammy Water a farkon shekarun 1950 tsakanin masuntan Fanti na Shama, inda ake ganin gwanintarsu da kwale-kwale da hidimominsu ga ruwa. A Jaguar kuma ya bi Damouré Zika da Lam Ibrahim Dia da Illo Gaoudel daga Nijar har gaɓar teku. Dubban ƴan ci-rani daga ƙasar nan sun yi dako a Akara da Kumasi, kuma kalmar kaya ta Hausa ta zauna a bakin mutanen Gana har yau a matsayin sunan aikin dako. Kakannin yaran da ke sayen rigar nan sun san teku da zufar wuyansu. Babu hoton talla ko ɗaya da ya zana su.

Fasahar da ke shiga ruwa kullum safiya

Mutanen bakin teku ba su zauna jiran baƙo ya zana musu ruwansu ba. Wanda ya je Sumbejun ko Yof a Dakar, ko Kayar, ko unguwar masunta ta Get Ndar a birnin Saint-Louis, zai tarar da ɗaruruwan kwale-kwale jere bisa rairayi, wasu sun zarce mita 20, kowane an yi masa fenti daga goshi har wutsiya da ja da kore da shuɗi da ruwan ɗorawa. A jikinsu akwai sunan mahaifiyar mai jirgi ko mahaifinsa, da sunan shehinsa, ko Shehu Ahmadu Bamba ko Alhaji Malik Si ko Limamu Laye, da taurari da tutoci da addu'o'in neman tsari. A Gana ana sassaƙa gindin jirgin daga kututturen itacen wawa a cikin daji, a kawo shi gaɓa, a rubuta masa karin magana ko ayar Linjila. Kowane jirgi yana faɗin wane ne mai shi, wa ya haife shi, da wa ya dogara.

Ƴan kilomitoci kaɗan gabas da Labadi akwai garin Teshi. A can, tun shekarun 1950, kafinta Seth Kane Kwei ya fara sassaƙa akwatunan gawa masu siffar sana'ar mamaci: kifi ko kwale-kwale ga masunci, kwanson koko ga manomi. Al'ada ce da ta yi nisa da jana'izar Musulunci, kuma babu mai cewa a kwaikwaye ta. Amma shaida ce cewa a daidai lokacin da ake ɗaukar fim ɗin ba'a, a garin da ke maƙwabtaka ana ƙera irin ayyukan da daga baya, a 1989, aka baje su a Paris a babban nunin Magiciens de la terre.

To, a nan ne rashin adalcin ya fito fili. Takardar talla da aka zana domin sayar da tikitin silima ta samu suna fasaha, da sunan mai zanenta, da bango a gidan tarihi. Kwale-kwalen da aka ƙawata domin ya ɗauki rayukan mutane ya samu suna sana'ar hannu, kuma da wuya baƙon da ya ɗauki hotonsa ya tambayi sunan mai fentin. Wane ne ya raba wannan gado? Da wane ma'auni? Idan ƙwarewar launi ce, jirgin Kayar ba ya jin kunyar kowa. Idan zurfin ma'ana ne, wanda ya rubuta sunan uwarsa a goshin jirgi kafin ya fuskanci ruwa ya fi mai neman bazara abin faɗa. Ma'aunin dai shi ne kasuwa, da kuma launin hannun da ya riƙe burushi.

Abin da rana mai launin hoda ke rufewa

Da a ce tekun yana lafiya, da sai a ce ƙaryar ba ta cutar da kowa. Amma manyan jiragen kamun kifi na ƙasashen waje sun daɗe suna kwashe ruwan Afirka ta Yamma, kuma masana'antu a Muritaniya da Senegal da Gambiya suna niƙe ƙananan kifayen da talaka ke ci, irin wanda Wolofawa ke kira yaboy, su mai da su gari domin ciyar da kifin kiwo da dabbobi a Turai da Asiya. A Saint-Louis, a watan Oktoba na 2003, an haƙa mashigi mai faɗin mita 4 a zirin rairayin da ke kare birnin domin ambaliya ta samu hanya. Teku ya buɗe shi har ya kai kilomitoci, ya cinye ƙauyen Dun Baba Jey, ya kuma ci masunta da dama. Da kifi ya yi ƙaranci, sai kwale-kwalen nan masu ado suka canza aiki: a 2006 mutum fiye da 31,000 suka isa tsibiran Kanari na Sifaniya ta ruwa, a 2024 kuma fiye da 46,000, ban da waɗanda ruwa ya riƙe.

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, ko da ta makoki ce. Moussa Touré, a fim ɗinsa La Pirogue na 2012, ya shiga cikin jirgin tare da matafiya, ya nuna ƙishi da tsoro da sallar da ake yi bisa ruwa. Mati Diop, a Atlantique, wanda ya ci babbar lambar yabo ta Grand Prix a bikin Cannes na 2019, ta ba da labarin leburorin gini da aka hana albashi suka faɗa teku, ruhinsu ya dawo yana bin hakki. A fim ɗinta ma akwai rana mai faɗuwa a kan ruwa, kyakkyawa ƙwarai, amma mai kallo ya san wa ke ƙarƙashinta.

Ko a wasannin Olimfik na Paris abin bai canza ba. An yi gasar hawan igiya a ƙauyen Teahupoʻo na Tahiti, fiye da kilomita 15,000 daga Paris. Ran 29 ga Yuli 2024 mai ɗaukar hoto Jérôme Brouillet ya kama Gabriel Medina na Brazil kamar yana tsaye a kan iska, yatsansa sama, allonsa a gefe. Hoton ya zagaye duniya cikin sa'o'i. Kaɗan ne suka ji cewa mutanen ƙauyen sun yi watanni suna adawa da hasumiyar ƙarfe ta alƙalai da aka so kafawa bisa murjanin da suke kamun kifi a kai, ko cewa a watan Disamba na 2023 jirgin aikin ya fasa murjanin. An rage girman hasumiyar, aka kafa ta. Mutum ɗaya, da sama, da ruwa: takardar tallar shekarun 1960 ce ta sake dawowa.

Amsa ga masu kare hoton

Za a ce kyau kyau ne, kuma ba a tuhumar mai zane da abin da bai zana ba. Babu mai musun cewa aikin Van Hamersveld gwaninta ce, ko cewa hoton Medina yana ɗauke numfashi. Haka kuma ba duk masu hawan igiya ne makafi ba: a 1985 zakaran duniya Tom Carroll na Ostareliya ya ƙi shiga gasar Afirka ta Kudu saboda wariya. Amma hoto ɗaya da babu mutane zaɓin mai zane ne. Hoto dubu ɗari da babu mutane, ana maimaita su shekara 60 a riga da kalanda da allon talla, sun zama aƙida. Suna shirya zukata su yarda cewa bakin ruwa ba na kowa ba ne, kuma wurin da ba na kowa ba shi ne ake killacewa a gina otal.

Za a kuma ce ai zamani ya gyara abin. Ga Khadjou Sambe, ƴar Lebu ta Ngor, mace ta farko a Senegal da ta mai da wasan sana'a. Ga littafin Afrosurf na 2021, wanda ya tattara hotuna da labaran masu hawa daga ƙasashe da dama na nahiyar. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma ya cancanci yabo. Sai dai akwai tarko: idan aka cire baƙo daga kan allo aka ɗora ɗan gida, amma masunci da mai sayar da kifi da mai fentin jirgi suka ci gaba da zama a waje, to an canza launin inuwar ne kawai, kantin yana nan yadda yake.

Hanyar da ta fi ita ce wadda wani mai zane ɗan Hawai, Herb Kāne, ya bi. Ya shafe shekaru yana binciken jiragen kakanninsa yana zana su cike da mutane, sa'an nan a 1973 ya haɗu da wasu suka kafa ƙungiya, ya tsara jirgin Hōkūleʻa. A 1976 jirgin ya tashi daga Hawai ya isa Tahiti, tafiyar wajen kilomita 4,000, babu na'urar nuna hanya, sai sanin taurari da igiyoyi na Mau Piailug. Zane ya zama jirgi, jirgi kuma ya mayar wa al'umma da ilimin da aka ce ba ta taɓa mallaka ba.

Raƙuman ruwa da raƙuman rairayi

Bahaushe na kiran igiyoyin teku raƙuman ruwa, kamar ya hango cewa teku da hamada ƙaddararsu ɗaya a idon baƙo. Tseren motoci na Paris zuwa Dakar, wanda ya fara a watan Disamba na 1978, ya sha ratsa Agadas da Tenere kafin ya bar Afirka bayan 2008. Hotunansa ba su da bambanci da na masu hawan igiya: babur ɗaya bisa tudun rairayi, rana a baya, babu kowa. Ba a ganin ayarin gishiri da ke tashi daga Abzin zuwa Fashi da Bilma ya dawo da kantu da dabino, ya gangaro kudu neman hatsi. Ba a ganin yaran ƙauyukan da motocin tseren suka take a hanya. Idan kuwa aka sa mutum, sai a sa fuskar Bororo mai kwalliyar Gerewol, ba suna, ba gari, kamar budurwar Hawai mai furanni. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Saboda haka aikin yana wuyan malamai. Malamin Faransanci da ke koyar da karatun hoto yana iya ajiye zanen Hokusai kusa da tambarin da ke kan rigar ɗalibi, ya bar yara su nemo abin da ya ɓata da kansu, sa'an nan ya koya musu tambayoyi uku da za su yi wa kowane hoto: wa ya ɗauka, wa aka cire, wa ya ci riba. Littafin Fatou Diome na 2003, Le Ventre de l'Atlantique, ya fi dacewa da ajin manya fiye da kowane rubutu kan hutun bakin teku. Malamin Hausa kuma yana da nasa ruwan a kusa: tafkin Madarunfa, da Tabalak, da Gidimuni, da kogin Kwara a Gaya, inda sarkawa ke da kalmomi da kirari da waƙoƙin su waɗanda ba a gama rubutawa ba.

Ƙungiyoyin al'adu su ma su fara daga gida. Gidajen matasa suna iya nuna Mammy Water da La Pirogue a dare ɗaya, a buɗe muhawara. Kuma kafin a zargi baƙo da ƙin tambayar sunan mai fentin jirgi, a dubi yadda ake yi wa masu zanen manyan motoci, da masu allunan aski, da maginan da suka ƙawata bangayen Birni a Damagaram. Ƙungiya nawa ce ta rubuta sunayensu? Nuni nawa aka yi musu da sunansu a ƙarƙashin aikinsu? Wanda ya bar gwanayen gidansa babu suna ba shi da bakin yi wa gidan tarihin Niyu Yok faɗa.

Ba a ce a ƙona rigar gwanjo ba. Yaron ya saye ta da kuɗinsa, kuma tana kare shi daga rana. Abin nema shi ne ranar da zai dubi ƙirjinsa ya tambayi malaminsa inda masu wannan ruwan suke, malamin kuma ya iya gaya masa cewa suna Labadi, a gefen hoto, kwance bisa allunan da suka sassaƙa da hannunsu.